Jakar da Aka Ɓoye a Buhu

Igiyar ta ƙi kwancewa sai da ya sa haƙori. Yana buɗe bakin buhun wani yaji ya daki hancinsa, ya yi atishawa har hularsa ta faɗi. Ya cusa hannu ciki yana laluben maɗaurin jakarsa, ya ji abu na ƙaras-ƙaras a yatsunsa. Ya ƙara cusawa har kafaɗa. Busasshen barkono ne tun daga sama har ƙasa.

"Malam, matsa mana, layi ake bi," in ji wata mata a bayansa.

Bai matsa ba. Ya tsaya riƙe da bakin buhun a gaban tagar masu duba fasfo, idonsa na zubar da ruwa.

A gida Auta ake ce masa, amma masu kallonsa a waya Mai Jaka suka sani. Shekara da shekaru yana yawo ƙasa-ƙasa da jaka goye a baya, bai taɓa hawa jirgi ba, daga bas sai a-kori-kura, wani lokacin ma bayan motar siminti. Duk inda ya sauka sai ya kafa waya ya yi bidiyo, ya ba da labarin abin da ya gani, ya ɗora da shawara. Kuma wallahi shawarwarin ba na banza ba ne. Kada ka cika cikinka da ruwa kafin doguwar hanya, direba ba ƙanin babanka ba ne da zai tsaya maka. Ka yi abota da tsohuwar da ke kusa da kai, ita za ta tashe ka in an iso. In ka samu barci a mota ka yi abinka, ba ka san inda za ka sake samu ba.

Amma guda biyu ne yake tunƙaho da su. Ta farko, ka saka jakarka cikin tsohon buhu ka ɗaure baki kafin a ɗora ta saman mota, ƙura ba za ta ci ta ba, ɓarawo kuma ba zai kalle ta sau biyu ba. Ta biyu, kada ka riƙa yawo da ainihin fasfonka a aljihu. Ka ɗinke shi cikin shafin jakar, ka riƙe kwafi kana nuna wa masu shinge a hanya, sai ka iso iyaka sannan ka farke ɗinkin. Ya faɗi wannan a bidiyo har da ɗaga yatsa.

Yanzu ga shi a iyakar. Kwafi na aljihu, fasfo na cikin jaka, jaka na cikin buhu, buhun kuwa Allah kaɗai ya san inda yake.

Ba yawo ne ya kawo shi nan ba, gida zai koma. Yayarsa ce ta kira shi yana can wani gari mai nisa a bakin teku, ta ce Baba ya faɗi, an kwantar da shi a asibiti, likita ya ce duk wanda zai zo ya zo. Daga wannan iyakar ƙasa ɗaya ta rage masa ya ratsa, gobe war haka da yana gefen gadon. Baba tsohon direban babbar mota ne, shi ya fara sa masa ƙaiƙayin tafiya, ko da yake daga baya shi ya fi kowa mita. Ranar da Auta zai tafi, tsohon bai ce masa komai a kan jaka ko takardu ba. Cewa ya yi, "Yamma ka nufa. Ranar da ka juyo gida, in la'asar ta yi rana za ta koma bayanka. Ka kiyaye wannan, ba ka ɓata."

Jami'in da ke taga mutum ne mai furfura a gemu, ba shi da hayaniya. Ya karɓi kwafin ya juya shi gaba da baya, ya miƙo masa.

"Wannan takarda ce kawai. Ina littafin?"

"Ranka ya daɗe, yana cikin jakata. An yi min musanyar buhu."

"To a kan me zan buga hatimi?"

"Mahaifina ne ba lafiya, yallaɓai. Ga hotonsa, ga saƙon yayata. Don girman Allah."

Jami'in ya duba hoton, kuma da gaske ya duba, ba irin duban sallama ba. Ya sauke ajiyar zuciya.

"Allah ya ba shi lafiya. Amma ka saurare ni. Ko na rufe ido na bar ka ka wuce, waɗancan na tsallake ba za su karɓe ka ba. Ko sun karɓe ka, akwai wata iyakar a gabanka. Ka bi ta daji a babur, in aka kama ka sai dai ka ji labarin mahaifinka a ɗakin tsare mutane. Ko dai ka nemo littafinka, ko ka koma babban birni ofishin jakadancinku su yi maka takardar tafiya."

"Kwana nawa take ɗauka?"

"Ba aikina ba ne, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma ban taɓa jin wanda ya samu a rana ɗaya ba. Na gaba!"

Ya ja buhun ya fito. Bas ɗin da ta kawo su na tsaye a inuwa, kwandastan na kan rufi yana mayar da kayan da aka sauke don bincike. Ƙaton mutum ne mai tsumma a wuya.

"Malam! Ina buhuna?"

"Ga shi nan a hannunka."

"Wannan barkono ne!"

Kwandastan ya sauko, ya leƙa ciki, ya yi atishawa shi ma. Ya dafe ƙeya.

"Kash! Na matar nan ne mai barkono, wadda ta sauka da hantsi. Buhunanta na ƙirga mata cif, ban rage ko ɗaya ba."

"Ka haɗa mata da nawa ke nan."

"To ni ina na sani? Fari ne, nata ma farare ne. Igiya shuɗiya, nata ma haka. Kai da kake da jaka mai kyau, me ya kai ka cusa ta a buhu? Da jaka na gani ai ko makaho ne ni ba zan ba ta ba."

Auta ya bar wannan zancen.

"A ina ta sauka?"

"Wata mararraba ce, ba tasha ba. Akwai bishiya babba da mai sayar da fetur a kwalba."

Duk hanyar nan da suka biyo, wace mararraba ce ba ta da bishiya da mai fetur a kwalba? Shi kuwa lokacin barcinsa yake sha, kai jingine da taga, kamar yadda yake koya wa mutane.

"Sunanta fa? Lambarta?"

"Fasinja ce, ba surukata ba. Amalanke ya zo ya kwashi kayan, suka yi cikin ƙauye."

"Idan ta buɗe ta ga jaka ai za ta kawo tasha, ko?" in ji Auta.

Tsohuwar da ya yi abota da ita a mota, wadda ya ba rabin lemunsa, ita ce ta amsa daga taga. Ta faɗa a hankali, cikin tausayi.

"Ɗan nan, masu barkono ba sa buɗe buhu yanzu. Ɗaki suke zubawa su kulle, sai kaya sun yi tsada. Wata huɗu, wata biyar."

Direba ya danna ham. Kwandastan ya dafa kafaɗarsa ya ce ya yi haƙuri, ya kama ƙofa ya ɗale. Aka ɗaga sandar shinge, bas ɗin ta wuce da kujerarsa babu kowa a kai. Auta na tsaye yana kallo har ta haye gada ta shige.

Ya samu gindin katanga ya zauna a kan buhun. Tsoro ne ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba ko ranar da motarsu ta mutu a tsakiyar daji. A can akwai abin yi, a tura mota, a nemi ruwa. A nan babu. Ya kira ofishin jakadancin, waya ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Ya sake kira, wata murya ta ce ya zo da kansa ranar aiki da hotuna da shaidar ɓatan fasfo daga 'yan sanda.

"Kai! Ba Mai Jaka ba ne wannan?"

Wani mutum ne mai gilashi, sa'arsa, ya tsaya a kansa baki har kunne. A kafaɗarsa akwai farin buhu ɗaure da igiya.

"Wallahi shi ne! Malam, saboda kai na ajiye aiki na fito. Duba nan." Ya bubbuga buhun. "Jakata na ciki. Fasfo ma na ɗinke shi, yanzu na farke aka buga min. Ko sau ɗaya ba a taɓa min kaya ba. Allah ya saka da alheri!"

"Amin," in ji Auta.

"Taka ce wannan ka zauna a kai? Kai, ko ni ban gane ba! Gwani gwani ne. Mu ɗauki hoto mana."

Aka ɗauki hoto. Auta har da murmushi, don fuskar ta saba.

"Ba wata sabuwar shawara?"

Auta ya kalli buhun mutumin.

"Ka sa masa alama," ya ce. "Fenti, tsumma, ko menene. Kuma in ana sauke kaya ka buɗe idonka."

"Shi ke nan?" Mutumin ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. Ya saɓa buhunsa ya nufi gada yana ɗaga hannu.

Wata ƙaramar bas na lodi, mai komawa inda suka fito. Auta ya auna abin a ransa. Babban birni na da nisa, kuma can sai jira. Mararrabar kuwa tana wani wuri a kan hanyar nan, zai sauka a duk inda ya ga bishiya da kwalaben fetur, ya shiga ƙauye yana tambayar matar da ta kawo barkono yau. Wataƙila a ta farko, wataƙila a ta goma. Ya ɗaure bakin buhun ya ɗora a baya. Ba maɗauri, ba abin riƙewa, yana ta zamewa, yajin na cin wuyansa. Da mai lodi ya miƙa hannu zai jefa saman mota, Auta ya ƙanƙame abinsa, ya ce a cinya zai riƙe.

Sun ɗan yi nisa waya ta yi ƙara. Yaya ce.

"Auta, ka tsallaka?"

"Yaya, an samu matsala. Fasfona..."

"Kada ka gaya min." Ta yi ƙasa da murya, yana jin ƙarar wata na'ura a bayanta. "Ya farka yanzu, kai yake ta tambaya. Tun safe bai gane kowa ba sai yanzu. Zan sa masa a kunne. Don Allah, Auta, kada ka tayar masa da hankali."

Ya ji motsin filo, sannan numfashi mai nauyi, ana ja ana saki.

"Auta."

"Na'am, Baba. Sannu. Yaya jikin?"

"Kana mota. Ina jin inji." Tsohon ya kasa kunne. "Direban nan yana wahalar da giya."

Dariya ta ƙwace wa Auta, ta haɗe da kuka, ya toshe baki da hannun da ya taɓa barkono.

"La'asar ta yi a nan," in ji Baba. "Ta koma bayanka, ko?"

Rana na tsaye a gilashin gaba, ja wur, direba har ya sauke abin tare haske. Ta cika motar, ta shiga idon Auta ba ya ko iya buɗewa. Ya ƙara rungume buhun.

"Tana bayana, Baba."

"Madalla," in ji tsohon. "To ba ka ɓata ba. Ina nan ina jira."