Alamar Ɗebewa a Shafi na Tamanin da Uku

Kawuna zai haɗa duniya wuri ɗaya, ni ce mai buga masa a kwamfuta.

Duniyar nan ƙarfi huɗu ne ke riƙe da ita: wanda ke jawo kofi ƙasa in ya suɓuce, na lantarki da maganaɗisu, sai biyu da ke can cikin ƙwayar zarra inda ba mai leƙawa. Masana sun yi sun yi su haɗa huɗun cikin lissafi guda, abu ya faskara. Kawu ya yi ritaya daga ofishin awon filaye, ya sayi allo da tabarau mai igiya, ya ce a bar masa. Maƙwabta na kiransa Farfesa. Da wasa suka fara, shi ne bai ji wasan ba.

Ɗakin aikin tsohon sito ne. Taga ɗaya, ita ma allo ya cinye rabinta. Kujerata tana tsakanin firinta da bango, in zan fita sai Kawu ya tashi. Kawu kuwa ba ya tashi.

Shekara uku ke nan. Tun rasuwar Baba shi ke riƙona, kuma takardar neman shiga jami'a sai da sa hannun mariƙi. Tana cikin aljihun teburinsa. Sau biyu ana rufe karɓa tana kwance a wurin. Bana ranar Alhamis za a rufe.

"Kawu, takardar nan fa."

"Mu gama tukuna, 'yar nan. In kin tafi wa zai karanta rubutuna? Ni kaina ba na iyawa."

Nan kam gaskiyarsa. Ga yadda muke aiki: ya rubuta da biro, in buga, washegari ya ɗora daga takardar da na buga, don nasa rubutun ko shi sai ya yi ta juya shi kamar taswira. Ni kuma littattafan da ya saya saboda kaurinsu na karance su tas, har guda biyun da ke tokare da fanka. Ba wanda ya koya mini. Zaman kujera ne ya yi yawa. Don haka in na ga ya yi kuskure, sai in gyara shiru, kamar yadda ake cire wa babba zare a riga. Washegari ya duba, ya yi layi goma, lissafi ya ƙi haɗuwa, ya dafe kai.

"Duniya tana mini gardama," in ji shi. "Mu koma farko."

Ranar Talata ina wanke kofuna, matar Kawu tana goge murhu, na ce mata na gaji.

"Ni ma mamaki nake," ta ce. "Kafin ki zo, wani mai shago a bakin titi ke buga masa. Sau biyu yana gama haɗa duniyar nan a shekara ɗaya. Har kaza na yanka."

"Sau biyu, Anti?"

"Ta farkon ɓera ya ci. Ta biyun ruwa ya shiga. Ke dai tun da kika zo abin ya ƙi. Ko hannunki ne ba shi da albarka?"

Na tsaya da kofi a hannu. Mai shago bai san lissafi ba, abin da ya gani shi yake bugawa. Wato shekara uku ni ke rufe ƙofar nan, ta ciki, da hannuna.

Da la'asar Kawu ya miƙo shafi na tamanin da uku. A layi na shida akwai wurin da ya kamata a ɗebe, shi ya tara. Kuskuren nan na san shi kamar ɗan gida, sau bakwai ina korarsa. In aka bar shi, komai na gabansa zai share juna, ƙarfi huɗu su zama ɗaya. In an matsa, kuka da dariya ma su zama ɗaya.

Yatsana ya je kan alamar ɗebewa da kansa. Na janye shi. Fanka ta juya, ta dawo. Na buga abin da ya rubuta.

Laraba da hantsi Kawu ya yi ihun da ya sa Anti shigowa da ludayi.

"Ta haɗu! Hajiya, ta haɗu!"

"To, a sa ta inda ɓera ba ya zuwa."

Ya cire tabarau yana share ido. Hawayen gaske ne, wannan ban shirya masa ba. Ya jawo aljihun tebur, ya ciro takardata, ya yi sa hannun nan nasa mai wutsiya uku. Sannan, a karon farko cikin shekara uku, ya tashi ya ba ni hanya ban roƙa ba.

Ina bakin ƙofa ya ce, "Tsaya. Saura bangon littafin."

Na koma kujera. Ya faɗi sunan littafin, layi huɗu. Ya faɗi nasa sunan, da Farfesa a gaba. Sai ya ce, "A ƙasa ki sa: wadda ta duba lissafin layi-layi ta tabbatar. Ki sa sunanki, da manyan baƙaƙe."

"Kawu, ni bugawa kawai na yi."

"Kin ɗauka ban sani ba? Anti ta ce har fankata kika karance. Ba zan ci haƙƙin marainiya ba."

"Wallahi na yafe."

"Ni ban yafe ba. Buga."

Na buga.

Ranar Alhamis ya sa takardata da littafin cikin ambulan ɗaya, ya liƙe da kansa, ya rubuta a baya: zuwa ga shugaban sashen kimiyyar lissafi. Ya ce don su san irin gidan da na fito. Bai yarda da ni da ambulan ba, shi ya rako ni, ya riƙe shi a ƙirji har cikin bas. Ni ina jikin taga, shi yana zaune gefena, ya tare hanyar fita.

Shafi tamanin da biyu na farko dai ba kuskure ko ɗaya. Ina ta addu'a shugaban ya kasance irin Kawu, mai sayen littafi saboda kauri.