Ginshiƙin Baba Sabo

Ba mu gama janye Baba Sabo daga ƙarƙashin rufin kankaren barandarsa ba, bakin mutane ya riga ya sauka kan 'yarsa.

"Simintin boko ke nan," in ji wani a bayana. "Ta kashe ubanta da iyayi."

Ni tela ne, shagona na kallon gidansa a Tudun Wada. Shekara ashirin ina ganinsa yana guga a barandar nan, rediyo a gefe. Da ginshiƙin ya tsage har rodi ya leƙo, Siddiƙa, 'yarsa injiniya, ta zo daga Kaduna da buhuna. Ta ce ba sai an rushe ba, a sassaƙe tsohon kankaren, a yi masa riga da wannan siminti mai ƙananan wayoyin ƙarfe, su ke hana tsaga buɗewa. Ta ari maganaɗisun da nake tsince allurai, ta tsoma a buhu, ya fito buzu-buzu kamar bushiya. Baba ya yi dariya har da tari.

Ta so kawo ma'aikatanta, ya ƙi.

"Jafaru na raye zan ba baƙo aikina? Kwanonmu ɗaya fa, shekara talatin."

Jafaru magini ya yi aikin a makon da Baba ya tafi biki Dutsen Abba. Ya kewaye wurin da tabarmi, wai saboda rana. Ni sakarai har ruwa na riƙa miƙa masa. Ginshiƙi ya fito sumul.

"Ko tirela ka ɗora, Yaya," in ji shi.

Damina ɗaya ta ishi ginshiƙin.

Kwana biyu Baba ya yi a asibiti. Ranar ƙarshe da hantsi ya kama hannun Siddiƙa.

"Na yafe miki, uwata. Ba da gangan kika yi ba."

Ban taɓa ganin yafiya ta karya mutum haka ba. Jafaru kuwa shi ya yi masa wanka, shi ya shiga kabari, kukansa ya fi na kowa.

Ranar sadakar uku zuciyata ta ƙi kwanciya. Na ɗauko gutsuren rigar ginshiƙin, na daka da guduma, na bi garin da maganaɗisu. Ko waya ɗaya. Yashi ne da ɗan siminti. Sai na tuna a watan da aka yi aikin Jafaru ya kawo ɗinki, yatsunsa duk tsaga irin ta yankan waya, ya ce aikin gidan wani Alhaji ne a Hanwa. Ashe can buhunan Siddiƙa suka tafi.

Na sami Jafaru a tabarmar gaba yana karɓar gaisuwa. Na zube garin a gabansa, na ɗora maganaɗisun a kai.

"Malam Jafaru, ina wayoyin?"

Ya dube shi, ya tura hannayensa cikin riga.

"Isiyaku, don Allah ba a nan ba."

Na kwashe garin, na sa aka kira mini Siddiƙa zaure. Ta daɗe tana juya maganaɗisun cikin garin, na ɗauka za ta ji sanyi.

"Na gode, Kawu," ta ce. "To wa zai faɗa wa Baba?"

Dutsen gugar Baba na nan bakin ƙofa inda muka ajiye shi, gawayin ciki ya jiƙe. Ta sunkuya ta ɗora maganaɗisun a kai, ya manne.