Fentin da Ya Sha Rana

Maharazu yana rataye bargo na ƙarshe a taga matan suka fara shigowa. Shekarar da sojoji suka ce za su miƙa mulki ce, an turo majigi Gazawa don a nuna wa mata yadda ake jefa ƙuri'a, shi kuwa majigi ba ya shiri da hasken azahar. Mata sun fi ɗari, har da gwaggonsa Habi wadda ta goye shi, tana dogara sanda.

Shi ne mai gadin sabon zauren taron, mutum mai tattali, irin wanda ke cire batir daga rediyo in zai tashi salla. Ranar da Jaye mai gyaran lantarki ya gama aikinsa, abu biyu ya nuna masa. Akwai fitila mai batir bisa ƙofa, wadda ke kunna kanta in wuta ta ɗauke, sai kuma wani layin fenti fari-fari da ya bi daɓe har ƙofar baya.

"Wannan rana yake sha, in duhu ya yi ya maido ta," in ji Jaye.

"Fenti? To, Allah shi ba mu alheri."

Fitilar ya ɗauka da daraja. Da ya ga ɗan jan idonta yana ci dare da rana ba gaira ba dalili, sai tausayinta ya kama shi. Ya zare wayarta daga bango, ya kashe maɓallin, wai kada ta ƙare kafin ranar buƙata. Yau wata uku ke nan.

Ana tsakar kallo injin wutar da ke bakin ƙofa ya yi tari, ya kama da wuta. Majigi ya mutu, hayaƙi ya turo ciki, zaure ya yi duhu ƙirin. Mata suka yi kan babbar ƙofa da salati, inda wutar take. Maharazu ya taka benci, ya lalubi fitilar, ya danna maɓalli. Ko ƙyas, batirin ya mutu don rashin caji. Ya sake dannawa, yana jin muryar Habi tana kiran sunansa daga inda bai sani ba. Tsoron da ya ji ran nan bai taɓa jin irinsa ba.

Da ya sunkuyo zai sauka, sai ya ga ƙasa tana haske.

Wani kore ne mai sanyi, ba harshen wuta ba, ba kuma na fitila ba. Ya miƙe sambal tsakanin ƙafafun mutane kamar an ja zare. Ranar da ta wuni tana shiga ta tagogi kafin ya toshe su, ashe tana nan kwance a daɓe tana jira.

"Ku dubi ƙasa!" ya ƙwala. "Ku bi koren! Baya, ku yi baya!"

Ihun ya lafa. Wata ta ce, "Ikon Allah!" Suka sunkuya suna tari, kowace riƙe da zanen ta gabanta, suka bi layin har waje. Habi ya tsinta zaune gindin bango, sandar ta ɓace. Ya goya ta, ya taka koren da ƙafarsa har ƙofar baya.

An kashe wutar da yashi, ba wadda ta ƙone. Wasu matan suka koma suna shafa layin da tafin hannu, suna duba ko ya bar musu wani abu. Da aka yaye barguna ya koma fenti kawai.

Sakataren magajin gari ya iso, ya sa aka kira Jaye, ya tsare shi gaban jama'a.

"Fitilar banza ka sa muna! Da an rasa rai fa? Jandarma za ka yi ma bayani."

Jaye ya ɗaga kai ya dubi wayar da ke lilo, ya dubi Maharazu.

Maharazu ya gyara wa Habi zama a inuwa, ya ba ta ruwa. Sannan ya ciro makullan zauren daga aljihu, ya matso.

"Ranka shi daɗe, fitilar lafiya lau ya sa ta. Ni na cire ta. Tattalinta nike."