Baƙar Wayar Gidan Rediyo

A gidan rediyonmu na jiha na girma, tun ina ƴar mai kai wa Baba shayi a filas har na zama mai kula da sauti. Har gobe idan na rufe ido ina jin warin tsohon kafet ɗin da aka manna a bangon ɗakin watsa labarai, da ƙarar fankar da dole a kashe ta kafin a buɗe makirufo, kowa ya yi ta gumi har a gama. Na so wurin nan, da zafinsa da komai.

Baba ne mai karanta labarai. Abokansa na kiransa Aku, ba don surutu ba, don duk abin da ya faɗa daga hedikwata ya zo, can babban birni. A gefen damansa akwai wata baƙar wayar tarho. Ƙa'idar ita ce ko an kunna jar fitila, ba zai buɗe baki ba sai wayar ta yi ƙara, wani daga can ya ce, "An amince." Sai Baba ya gyara hula, kamar masu sauraro na ganinsa, ya fara.

Labaran kuwa, Allah ya kyauta. Mun san ranar da aka fenta titin gidan gwamnati a babban birni, amma famfon kasuwarmu zai yi wata ba ruwa, rediyo bai ji ba bai gani ba. Inna tana kan keken ɗinkinta takan ce, "Malam, yau kuma wa ya yanke kintinkiri?" Baba ya yi dariya ya ce ai ita ce babbar mai sauraronsa, tunda ita kaɗai ke yi masa gyara.

Wata damina gadar bakin gari ta karye da motar haya a kanta. Inna na ciki, ta je sayo yadi. Da yamma Baba ya wuce ofis kai tsaye daga asibiti, da taɓo a wandonsa, ya kira hedikwata da kansa, abin da bai taɓa yi ba. Aka ce a dakata, ba a tantance ba. Da wayar ta yi ƙara, labarin baje kolin furanni aka amince da shi, kuma ya karanta, muryarsa ko rawa ba ta yi ba. Ina bakin ƙofa ina ji. Na daɗe ina jin haushinsa, sai da na fara aiki a gidan na gane cewa haushin wayar ya kamata in ji.

Shekaru suka ja, Baba ya yi ritaya, gashi ya yi fari. Sai ga doka, kowace jiha ta riƙe labaranta, hedikwata ta tsaya a nata. Aka cire baƙar wayar, ya rage sai shatinta a kan tebur inda fenti bai koɗe ba. Sabuwar manajarmu, wadda Baba ya koya wa aiki, ta je har gida.

"Baba, kai za ka karanta na farko."

"Ƴata, muryar ta tsufa."

"Da tsufanta muke so."

Ranar ya zo da hularsa ta dā. Na zauna bayan gilashi, na daidaita sauti, na kunna jar fitila. Takarda na gaban Baba, labarin famfon kasuwa ne a sama, amma shiru kake ji yana fita har ƙauyuka. Manaja ta dafe kai.

"Na shiga uku, ko bai ga fitilar ba ne?"

Ya gani. Hannunsa na dama na kan shatin nan na tebur, yana jira. Tausayinsa ya kama ni. Na danna maɓallin da ke kai magana kunnensa.

"Baba, babu mai kira. An cire ta. Faɗi abinka."

Ya ɗago ya dube ni ta gilashi. Ya gyara hula. Sai ya ture takardar gefe.

"Jama'a, barkanmu da yamma. Kafin na yau, akwai wani labari da ya makara a hanya. Gadar bakin gari ta karye da motar haya a kanta. An rasa direba da yaronsa, da malamin makaranta, da masu kai kaya kasuwa. Cikinsu har da wata tela, matar mai karanta muku labarai. Allah ya jiƙansu."

A kan "tela" muryar ta yi rawa. Aikina ne in gyara irin wannan, amma na ɗauke hannuna daga na'urar, na bar ta ta fita yadda take.