Igwar Yaya Hashimu

A unguwarmu ta Hindawiyya a Makka, lokacin da ba mu da agogon shan ruwa sai igwar gwamnati ta kan dutse, wadda mutanen Makka ke ce wa madfa, mazanmu suna da wata wauta da suke ji da ita. Tsakiyar azumi, bayan la'asar, sai su kwashi 'yan igwoyin da suka ƙera da hannu, su fita bayan gari su yi ta bugawa. Rukuni biyu ne, na laka daban, na ƙarfe daban. Alƙalinsu mijina ne, Malam Lurwanu mai tabarmi. Juya musu baya yake yi don kada ya ga mai bugawa. Kuma ba yawan ƙara yake nema ba, wadda muryarta ta fi kama da ta madfa ita ce ta ci.

Yayana Hashimu maginin tukwane ne. Shekara da shekaru yana shiga rukunin laka, ko sau ɗaya bai taɓa ci ba, ga tsufa ya soma kama shi. Shi da bakinsa ya ce ta bana ce ta ƙarshe. Ya gina ta, ya gasa, abin sha'awa, sai ta yi 'yar tsaga a baki. Bawan Allah ya ɗaure wurin da waya.

Ai kuwa sai ga Mukhtaru, wanda igwarsa ta laka ke ci duk shekara, ya kawo ƙara har ƙofar gidanmu, wai waya ƙarfe ce. Da ya tafi na tare Malam. Na ce wayar da ko bakin buhu ba za ta ɗaure ba? Na tuna masa wanda ya aura masa ni.

Ya ce, "Shatu, waya ƙarfe ce. Da ta Mukhtaru ce, haka zan faɗa."

Wato an jefa tsoho da tukunyarsa cikin maƙera. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ya yi min sallama zai fita, na amsa a ciki.

Daga baya na ji Yaya ya daɗe yana gardama a fili kafin ya yarda, ga rukunin ƙarfe shi ke bugawa a ƙarshe, har yamma ta yi sosai. Ni ina gida ina suyar sambusa ina ƙunƙuni. Rana ta riga ta faɗa bayan dutse, kamar yadda take mana tun da sauran lokaci. Can sai na ji dum, mai nauyi, har cikin ƙirji. Na yi bismilla na jefa dabino a baki. Maƙwabciyata Ramlatu ta miƙo min kunu ta kan katanga, muka yi wa juna barka da shan ruwa.

Ina tsakiyar kurɓa sai na sake jin dum. Na tsaya da ƙwarya a hannu. Madfa ba ta bugawa sau biyu.

Bayan magariba suka shigo, Malam a gaba, Yaya a baya rungume da igwarsa da ta rabe biyu, bakinsa har kunne. Malam ya ce da ya ji ta, baya a juye, shi kansa sai da ya kai hannu aljihu neman dabino. Maƙeran ma ba wanda ya yi musu cewa Yaya ne ya ci. Bai gama ba matan layinmu suka cika zaure suna neman wanda ya karya musu azumi, kuma tun daga ranar aka mayar da wasan bayan ƙaramar salla.

Na zuba wa Malam sambusa, na ƙara masa da tawa. Ya dube ni ya ce, "To, Shatu, da na bar shi a laka, Mukhtaru kaɗai zai kayar."

Bayan salla muka rama azumin, mu duka layin. Wasu suna ta mita. Ni kam tun da nake, ban taɓa rama azumi mai daɗinsa ba.