Igiyar Jirgin Dujam

Agogon hasumiyar garin ba ya aiki da wuta. Duwatsu biyu ne rataye da igiya, suna sauka a hankali, nauyinsu ke juya shi. Shekara ɗari shida masunta na bin bugunsa su gane bakin gaɓa idan hazo ya rufe teku, kuma ba a taɓa sayo igiyar nan a kanti ba. In teku ta ci mutum, jirginsa ya dawo ba kowa, iyalinsa ke kwance igiyar jirgin su kawo hasumiya. Daga ranar an daina jiransa ke nan.

Lovre, mai kula da agogon, ya karɓi igiya huɗu a hannun mutane. Ta ƙarshen ta tsufa, ta fara tsinkewa zare-zare. A duk garin igiya ɗaya ta rage, tana kuwa ƙarƙashin gadonsa. Ta ɗansa Dujam ce, wanda aka tsinci jirginsa bara yana yawo bayan tsibiri, burodinsa da cukunsa ko taɓawa ba a yi ba.

"Tsohuwa, igiyar nan ba za ta kai Lahadi ba," ya ce wa matarsa Perina.

Tana gyaran kifi, ko ɗagowa ba ta yi ba. "To ta tsinke mana. Ka sayo wata, ko hanyar kanti ce ta ɓace maka?"

"Kin san ba a yi."

"Wai ba a yi! Wa ya ga gawarsa? Kai ka gani?"

Bai gani ba. Ya dai zauna ya ci kifinsa. Shi abin da ke damunsa ma, ba ya jin komai. Tun bara yake laluben kuka a ƙirjinsa, wayam. Ya ci, ya kwanta, ya hau matakala casa'in da uku, ya sauko.

Ranar Juma'a ya ga saura zare uku, ga mutane suna wucewa ta ƙarƙashin duwatsun. Sai ya sauke su ƙasa. Agogo ya tsaya a tara saura kwata. Garin ya yi tsit, mai gidan burodi ya ƙona burodi tanda guda don rashin sanin lokaci, aka yi ta tsaki, amma ba wanda ya iya tunkarar Lovre da maganar.

Washegari da hantsi hazo ya taso daga teku, ko jirgin da ke gabanka ba ka gani. Lovre na zaune a saman hasumiya, don bai san wani wurin zuwa ba, sai ya ji ana hawowa ana haki. Perina ce, da igiyar a kafaɗa. Ta jefar da ita gabansa.

"Kai wane irin uba ne? Hazo haka, ka bar agogo shiru! Da me yaron zai gane hanya?"

Lovre ya dube ta. Ya ɗauki igiyar. A bakinta akwai ƙullin Dujam, irin na bahago, wanda ya sha yi masa faɗa a kai. Da ƙyar ya kwance shi.

Da agogo ya buga sha biyu, mutanen da ke dandali suka gane igiyar wa aka ɗaura. Maza suka cire huluna. Perina ta ratsa ta tsakiyarsu ba ta kalli kowa ba, ta nufi bakin gaɓa ta tsaya inda ta saba tsayawa jiran ɗanta.