Zanen 'Yar Tsanar Rauda

Tunda Hadijatu ta haifi Rauda, sunanta bai taɓa fita daga bakinta ba. 'Yar fari ce, kuma a garinsu Dudunni uwar da ta ja 'yar fari jiki a gaban mutane ta zubar da kunya ke nan. Ana yaye ta Goggo Sa'ade, ƙanwar uban, ta ɗauke ta riƙo. Yarinya ta tashi tana ce wa uwarta Yaya.

Wata damina Hadijatu ta hango ta rakuɓe tana kallon sa'o'inta suna bikin 'yar tsana, ita hannu rabbana. Abin ya tsaya mata a rai. Ta samo ƙashin ƙafar rago ta kankare, ta yi masa kitso da baƙin zare, ta yanki bakin zanen aurenta mai ruwan goro ta ɗaura masa. Ta kai wa Goggo a ɓoye.

"Ki ba ta. Kada ki ce ni ce."

Goggo kuwa akwai riƙon amana. Har ƙasa ta rufe mata ido ba ta faɗa ba.

Yau shekara ashirin da uku ke nan. Rauda tana koyarwa a Kankia, ta haifi mace. Ranar suna Hadijatu ta tono zanen nan daga ƙasan akwati ta ɗaura, wurin yankan ta gaba. Abin da baki ya kasa, so take ido ya gani.

An raɗa wa jaririya Sa'adatu. Da rana mata sun cika ɗaki, sai Rauda ta ɗauko 'yar tsanar daga cikin kabad tana nunawa. Zanenta ya koɗe, dauɗar hannu ta cinye launin.

"Goggo ta yi mani da hannunta. Ita ɗai ta san ina raye."

Hadijatu ta matso, ta shimfiɗa yankakken bakin zanen a kan gwiwarta. Rauda ta dube shi, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta sunkuyo ta yi ƙasa da murya.

"Haba Yaya, mi ya sa za ki shigo cikin mutane da yagaggen zane? Dangin mijina na kallo."

Ta miƙo mata sabuwar atamfa. Hadijatu ta karɓa da hannu biyu, ta shiga bayan labule ta sauya.